Sallar da manhajarmu ta ƙi haɗuwa: nazarin lamarin proc-macro2 a wani ƙaramin ofis a Jos

Ranar Juma'a 30 ga Yuni 2023, kwana biyu bayan Babbar Sallah, na koma ofis na tarar manhajarmu ta ƙi haɗuwa, wato kwamfuta ta ƙi gina ta daga abin da muka rubuta. Tun ranar Talata da muka rufe babu wanda ya taɓa ko layi ɗaya. Abin da ya haɗu lafiya kafin hutu ya tsaya cik bayan hutu, ga jan rubutu a fuskar kwamfuta: `error[E0635]: unknown feature proc_macro_span_shrink`. Yini ɗaya da rabi muka yi muna fama, alhali gyaran kansa bai ci minti goma ba. Wannan ratar ce ta sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, domin na san akwai ƙananan ofisoshi irin namu da ke aiki da Rust, harshen rubuta manhaja, cikin tsadar data da ƙarancin wuta, kuma dabarar da ta kayar da mu dabara ce da kowannensu zai iya yi da kyakkyawar niyya.

Mu huɗu ne a ofishin: mai gidanmu, ni, wani abokin aiki da ke kula da manhajar waya, da wata ƙanwarmu mai yi wa ƙasa hidima. Aikinmu ajiye lissafin wasu dillalan kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada. Dankalin turawa na shigowa daga Bokkos da Mangu, ga kabeji da karas, a loda a manyan motoci zuwa kudu ko Kano. Manomi ya turo buhu kaza, dillali ya sayar, aka cire la'ada da kuɗin mota da na 'yan dako, saura nawa? Manhajar ce ke lissafawa, ta aika wa manomi rasit ta saƙon tes, domin yawancinsu ƙaramar waya suke riƙewa.

Dalilin da ya kai mu ga rubuta makro

Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin wannan jerin. Alamar naira ma ba ta ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai a sauya wa saƙon gaba ɗaya tsarin rubutu, iyakarsa ta faɗo zuwa 70, in kuma ya wuce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Rasit mai harafi 150 da aka rubuta "kuɗi" a cikinsa maimakon "kudi" ya zama saƙo uku ke nan, kuɗinsa ya ninka uku. Ya taɓa faruwa da mu, sai da muka ga lissafin wata kafin mu gane.

Shi ya sa muka so kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da abin da muka rubuta zuwa abin da na'ura za ta gudanar, ta riƙa kama wannan kuskure tun kafin a gama gini. Rust yana ba da wannan dama ta hanyar makro: ɗan shiri ne da kai ka rubuta, amma kwamfaila ce ke kiransa a tsakiyar aikinta. Tana miƙa masa kod ɗinka a yanke ƙwaya-ƙwaya, sunaye daban, alamomi daban, lambobi daban, shi kuma ya duba, ya mayar mata da sabon kod ko ya ce bai yarda ba. Irin wanda ake liƙawa da kalmar `derive` ya samu zama a Rust bugu na 1.15 a Fabrairun 2017, sauran nau'o'in suka biyo a 1.30 a Oktoban 2018. Namu mun sa masa suna `Rasit`. Kana rubuta samfurin saƙo a saman bayanan ciniki, shi kuma ya tabbatar da abu uku: duk gurbin da ka ambata akwai shi da gaske, babu harafin da zai fitar da saƙon daga tsarin GSM, kuma ko an cika kowane gurbi da mafi tsawon abin da zai iya ɗauka ba za a haura 160 ba. In ɗaya ya saɓa, ginin ba zai wuce ba.

Inda proc-macro2 ya shigo

Kayan aikin da kwamfailar Rust ke bai wa mai rubuta makro suna cikin wani ƙunshi da ake kira `proc_macro`. Yana da sharaɗi mai tsauri: ba ya aiki sai a lokacin da kwamfaila ke tsakiyar kiran makro. Ka kira shi daga gwaji na yau da kullum, nan take shirin zai faɗi, ya ce maka an yi amfani da shi a wajen muhallinsa. Ma'ana, ba za ka iya gwada hankalin makro ɗinka a keɓe ba, kamar makanikin da aka ce ba zai duba inji ba sai mota na gudu a kan titi.

Alex Crichton da David Tolnay ne suka samar da `proc-macro2` don toshe wannan giɓi. Siffarsa kusan ɗaya ce da ta asalin, sunayen abubuwan ma iri ɗaya, amma ciki biyu gare shi. Idan ya ga yana cikin kwamfaila, sai ya miƙa komai ga `proc_macro` na gaske. Idan ya ga yana waje, sai ya koma ga nasa kwaikwayon da aka rubuta da Rust zalla. A da, yadda yake gane inda yake abin mamaki ne: yakan taɓa na gasken da gangan ya ga ko zai faɗi, ya tare faɗuwar. Daga bugu na 1.57 a Disamban 2021 aka ba shi hanyar tambaya kai tsaye. Aikinsa na biyu shi ne daidaita tsakanin tsofaffin kwamfailoli da sababbi. Rust na fitar da sabon tsayayyen bugu duk mako shida, ba kowa ke sabuntawa tare ba. Kafin a gina `proc-macro2`, wani ɗan shiri nasa yana tambayar kwamfaila bugunta, ya kunna abin da za ta iya, ya cike gurbin abin da ba ta kai ba. Mai rubuta makro ba ruwansa da wannan wahala.

Mun raba namu gida biyu. Ƙunshi na farko layi kaɗan ne, aikinsa karɓa daga kwamfaila da mayar mata. Na biyu shi ne mai hankalin, an gina shi kan `proc-macro2` da `syn` mai fasa kod zuwa sassa da `quote` mai harhaɗa sabo. Can muka jera gwaje-gwaje: samfuri mai ƙ, samfuri mai harafi 161, samfurin da ya ambaci gurbin da babu. Har yau ina ganin wannan rabon shi ne mafi kyawun shawarar da muka yanke a aikin. Wani abin da ke faranta mini rai a gefe: tun bugu na 1.53 a 2021 Rust ya yarda a raɗa wa abubuwa suna da haruffan da ba na Ingilishi ba, don haka a cikin kod ɗinmu gurbin sunansa `kuɗi` da ɗ ɗinsa, a saƙon da zai fita ne kawai ake hana shi.

Shawara biyu, kowace da hujjarta

Ta farko tawa ce. A lokacin, duk sanda `cargo`, kayan aikin Rust mai nemo ƙunsoshi da gina manhaja, zai nemo ƙunshi yakan jawo kundin sunayen duk ƙunsoshin da ke crates.io, rumbun ƙunsoshin Rust a intanet, kuma a kan intanet ɗin ofishinmu wannan kaɗai na iya cinye safiya. Sai na yi amfani da `cargo vendor` na kwafo duk abin da muka dogara da shi cikin babban fayil guda, na saita `cargo` ya daina leƙa waje. Tun daga nan kowa na gini ko babu intanet. A cikin abin da na daskarar akwai `proc-macro2` bugu na 1.0.56.

Ta biyu ta taso ne daga buƙata ta gaske. Dillalai na turo mana saƙonni da hannu, kowa da salon rubutunsa, kuma sashen da ke karanta su dole ya jure kowace irin kwamacala. Muna gwada shi da `cargo-fuzz`, wanda ke ta jefa masa tarkacen rubutu ba ƙaƙƙautawa don ya ga inda zai karye. Wannan kayan aiki yana buƙatar bugun dare na Rust, wanda ake fitarwa kullum ɗauke da abubuwan da ba a gama yanke hukunci a kansu ba. Muna da tsohuwar kwamfutar tebur a kusurwar ofis da ke wannan aikin, kuma layin farko na umarninta shi ne ta sabunta bugun dare, da tsakar dare lokacin da data ke araha. Don sauƙi, sai aka mayar da bugun dare ya zama shi ne na kullum a wannan na'ura. Ita ce kuma muke gina abin da za mu tura wa kwastomomi a kanta, saboda ita ke kan batirin sola. Na san da haka, na gani, ban ce komai ba.

To ka ga yadda muka kasance: laburaren `proc-macro2`, ƙunshin da aikinsa bin sawun kwamfaila, mun ɗaure shi a turke, kwamfailar kuma mun sake ta tana tafiya kowane dare.

Abin da ya faru a can ɓangaren Rust ba wani abin al'ajabi ba ne. Kowace ƙwayar kod tana ɗauke da bayanin mazauninta, wato fayil da layi da gurbin da ta fito, wanda da shi ne makro ke nuna maka daidai inda kuskurenka yake. Wani sashe na wannan bai zama tsayayye ba a lokacin, ana ta gyara fasalinsa. Tsofaffin bugun `proc-macro2`, idan suka ga kwamfailar bugun dare ce, sukan kunna waɗannan abubuwan na gwaji da sunayensu don su ba da saƙon kuskure mafi kyau. A ƙarshen Yunin 2023 aka sake fasalin, aka cire sunan `proc_macro_span_shrink`. Tsohon bugu ya nemi suna, kwamfaila ta ce ba ta san shi ba. Bugun dare bai taɓa yi wa kowa alkawarin zama yadda yake ba, wannan a rubuce yake. Kuma bugu na 1.0.60, wanda ba ya neman wannan suna, ya riga ya fito kafin a cire shi. Wanda ke sabunta kayansa bai ji komai ba. Wanda ke kan tsayayyen bugu, mai lamba 1.70 a lokacin, shi ma bai ji ba. Sai wanda ya haɗa tsohon laburare da sabon bugun dare, kuma mu ne.

Yini ɗaya da rabi

Matsin ya zo ne daga kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu kuɗin mota ya tashi, manoma suka fara ƙorafin ana cire musu abin da ba su gani a rubuce ba. Shugaban dillalan da muke wa aiki ya nemi a fito da kuɗin mota a layinsa daban cikin rasit kafin dankalin damina ya fara shigowa sosai. Mun yi alkawarin ranar Asabar.

Kuskurenmu na farko shi ne mun karanta rabin saƙon. Muna ganin kalmar `proc_macro` sai zuciyarmu ta tafi kan `Rasit`, domin shi ne makro ɗin da muka sani namu ne. Na shafe safiyar Juma'a ina mayar da shi baya, canji bayan canji, har na kai inda yake watanni uku da suka wuce. Jan rubutun bai motsa ba. Bayan mun dawo daga masallaci abokin aikina ya ba da shawarar a share duk abin da aka gina a baya a fara daga tushe. Muka yi. Ruwan sama ya hana sola caji, muka tayar da janareta da man da ya kusa ninka kuɗinsa uku, muka zauna muna kallo har ginin ya iso daidai wurin ya sake tsayawa.

Ƙanwarmu ce ta lura. Ta gina a laftof ɗinta ya wuce lafiya, ta zo ta tsaya a bayana.

"Yaya, ka duba layin da ke ƙarƙashin jan rubutun. Ba fayil ɗinmu yake nunawa ba."

Na duba. Hanyar da aka rubuta ta shiga cikin kayan da na kwafo ne, cikin `proc-macro2`, fayil ɗinsa na farko. Tun safe yana nan. Na tambaye ta wane bugu ke kan laftof ɗinta, ta ce tsayayye. Nan muka gane bambancin na'urorin biyu.

Da a ce mun tsaya nan mun mayar da kwamfutar tebur kan tsayayyen bugu, da rasit ya fita a daren. Amma hankalinmu ya riga ya karkata ga gyara laburaren. Muka buɗe fayil ɗin muka goge sunan da hannu. `cargo` ya ƙi, domin yana ajiye sa-hannun lissafi na kowane fayil da aka kwafo, in ka taɓa ko waƙafi zai gane. A lokacin haushi ya ba ni, yanzu kuwa ina ganin kariya ce mai kyau. Muka ce to a sabunta shi da `cargo update -p proc-macro2`. Umarnin ya gudana, bai canza komai ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Wannan shi ya fi ɗaure mana kai, muka tashi a haka. Da asubar Asabar ne abin ya faɗo mini: ni da kaina na ce wa `cargo` kada ya leƙa waje. Ya duba cikin abin da na kwafo, ya ga 1.0.56 kaɗai, ya ɗauka shi ne mafi sabo a duniya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Na cire saitin na ɗan lokaci, na sabunta, na sake kwafowa, na mayar da saitin. Babban ginin ya wuce. Gwajin jefa tarkace ya sake faɗuwa, saboda yana da nasa fayil ɗin daban da ke ɗaure kowane ƙunshi kan bugunsa, sai da aka maimaita masa. Kafin azahar sabon rasit ya fita.

Da na gudanar da `cargo tree` a juye don ganin wa ya dogara da `proc-macro2`, jerin ya ba ni tsoro: `syn`, `quote`, makro ɗin wasu ƙunsoshi da muke amfani da su, wato na `serde`, na `tokio`, na `thiserror`, sannan namu a can ƙasa. Duk suna hawa kan kwafi guda, saboda `cargo` na haɗe masu neman bugu na 1 a kan ɗaya. Shi ya sa abu ɗaya ya tsayar da komai, kuma sabuntawa ɗaya ta tayar da komai. Ko da ba mu taɓa rubuta makro ba, da ginin ya tsaya haka nan.

Muhawarar ranar Litinin

Mai gidanmu mutum ne da ba ya son dogaro da abin da bai gani ba, kuma ina girmama wannan hali nasa. Ya ce: "Malam, abin da zai hana mu aiki yini biyu ba mu taɓa shi ba, me ya sa muke riƙe da shi? A cire."

Na ce: "Yallaɓai, ko mun cire shi daga namu, yana nan a ƙarƙashin sauran. Sai dai mu bar `serde` mu koma rubuta komai da hannu. Kuma ranar da muka cire shi, gwaje-gwajen `Rasit` duk sun mutu."

Ya sauya tambaya: to a bar makro ɗin gaba ɗaya, a riƙa duba tsawon saƙo lokacin aikawa. Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, kuma ban da cikakkiyar nasara a kanta. Gaskiya ne wani sashe na aikin ba ya buƙatar makro. Tun 1.57 ana iya rubuta aikin da kwamfaila za ta lissafa da kanta ta tsayar da gini in sharaɗi bai cika ba, kuma duba haruffa zai iya komawa can. Amma tabbatar da cewa gurbin da samfuri ya ambata yana nan, da sanin iyakar tsawonsa, wannan sai mai ganin fasalin kod. Duba lokacin aikawa kuwa yana nufin kuskuren zai bayyana ne da ƙarfe shida na safe a Farin Gada, mota na jira, manomi a Bokkos na jiran rasit. Na fi son ya bayyana a gabana, a ofis, ranar da na yi shi. Ya yi shiru, ya ce a bar shi amma a rubuta masa yadda ba za a maimaita ba.

Abin da muka rubuta gajere ne. Fayil ɗin `rust-toolchain.toml` ya shiga cikin aikin, ya ɗaure gini kan 1.70, ta yadda kowace na'ura za ta bi shi ko mene ne saitinta. Bugun dare ya koma na gwajin jefa tarkace kaɗai, shi ma da kwanan wata a jikinsa, ba ya motsi sai mun motsa shi. Asabar ɗin farko ta kowane wata ana sabunta kwamfaila da laburare tare, a gudanar da gwaji, in ya wuce a ajiye. Kwafo kaya kuwa mun ci gaba da shi saboda ranakun da intanet ke ɗaukewa, duk da cewa hujjata ta farko ta riga ta raunana ban sani ba: daga 1.70 ɗin nan `cargo` ya daina jawo dukan kundin, yana tambayar abin da yake buƙata ne kawai. Wata guda ke nan da sauƙin ya zo, ni ina can ina kare kaina daga wahalar da ta wuce.

A can ma abubuwa sun gyaru. Daga baya `proc-macro2` ya daina dogara da sunan bugu kawai, yana fara gina ɗan guntun kod na gwaji ya ga ko kwamfaila ta karɓa kafin ya kunna abin da bai tsaya ba. A bugu na 1.88 a Yunin 2025 kuma aka tsayar da hanyoyin sanin layi da gurbi da fayil na ƙwayar kod, waɗanda aka daɗe ana jira. Irin wannan lalacewar takamaimai ta yi wuya yanzu. Tsarin Asabar ɗin farko dai ba mu bari ba.

Canji na farko da muka yi wa `Rasit` bayan lamarin ba daga cikinmu ya fito ba. Na kai wa shugaban dillalan sabon rasit a rumfarsa, ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ga kuɗin mota a layinsa, ya gyaɗa kai. Sai ya nuna wata kalma da yatsa.

"Ɗana, wannan 'kari' ne ko 'ƙari'?"

Na ce: "Ƙari ne, Baba. In muka sa lanƙwasar, saƙon zai zama uku."

Ya ce saƙon yau da kullum a bar shi haka, kowa ya saba. Amma rasit ɗin ƙarshen kaka, wanda manomi ke ajiyewa ya nuna wa 'ya'yansa masu karatu, a rubuta shi da Hausa daidai, shi zai biya bambancin. Muka ƙara wa makro ɗin alama guda da ke ba samfuri izinin ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ, da sharaɗin a faɗi adadin saƙon da aka yarda ya kai, kwamfaila ta lissafa da 67 maimakon 160. Ƙanwarmu ce ta rubuta shi, ta fara da gwaji guda biyar a ƙunshi na biyu, ta gudanar da su a laftof ɗinta kafin ta taɓa makro ɗin kansa.